Daga Raha Zuwa Hatimi: Asali da Ma'anar Kalmar "OK" ta Ingilishi

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin asali da ma'anar "OK", kalmar Ingilishin Amurka da aka haifa cikin wasa. An auna ra'ayoyin da aka daɗe ana yaɗawa game da tushenta da ma'auni uku na nazarin asalin kalmomi, aka ga bayanin Allen Walker Read ne kaɗai ya tsallake su duka. Takardar ta kuma kafa hujja cewa kalmar ta rayu ne domin an manta da barkwancin da ya haife ta, kuma wannan mantuwar ce ta buɗe ƙofa ga asalan ƙage da suka dabaibaye ta.

1.0 Gabatarwa

Cikin kalmomin Ingilishi, da wuya a samu wadda ta yi nisan zango kamar "OK". Mutumin da bai taɓa zama a ajin Turanci ba yana faɗarta, yana kuma latsa ta a fuskar wayarsa duk sa'ad da zai tura kuɗi ko ya goge saƙo. Amma idan aka tambayi mai harshen kansa me harufan biyu suke wakilta, galibi ko dai ya yi shiru, ko ya kawo wani labari da ya tsinta a bakin wani. Labaran kuwa suna da yawa, kuma ba sa ga maciji da juna.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi biyu. Ta farko: daga ina kalmar ta fito, kuma da wace hujja? Ta biyu, wadda aka fi yin sakaci da ita: me ya sa ta rayu alhali sa'o'inta, waɗanda aka ƙirƙira a gari ɗaya kuma a lokaci ɗaya, duk sun bi ruwa? A nan za a yi amfani da "asalin shaci-faɗi" wajen nufin bayanin tushen kalma da aka gina a kan kamar sauti ko daɗin labari ba tare da shaida ba, da kuma "taƙaitawar goshi" wajen nufin kalmar da aka ƙera daga harufan farko na wasu kalmomi.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi mafi tsufa ya jingina kalmar ga Andrew Jackson, shugaban Amurka na bakwai. An ce saboda ƙarancin iliminsa yakan rubuta "O.K." a kan takardu da zaton haka ake taƙaita "all correct", wato komai daidai. A 1859 marubucin tarihi A. W. Putnam ya ƙara wa labarin ƙarfi da wata takardar kotu ta 1790 daga yankin Tennessee, inda aka ce Jackson ya gabatar da shaidar cinikin wani bawa, aka rubuta "O.K." a kanta. Da aka sake duba takardar daga baya, sai aka ga "O.R." ne, alamar da magatakardan kotu ke sawa don nuna an ba da umarnin shigar da takarda cikin rajista. Rubutun hannu ne ya yaudari mai karatu.

A 1885 William S. Wyman na Jami'ar Alabama ya kawo ra'ayin cewa an aro kalmar daga "okeh" ta harshen Choctaw, ɗaya daga cikin harsunan 'yan asalin Amurka, mai nufin "haka ne". Wannan ra'ayi ya samu karɓuwa har fadar gwamnati, domin Shugaba Woodrow Wilson yakan rubuta "okeh" idan ya amince da takarda. A 1969 da 1971 kuma David Dalby, masanin harsunan Afirka a Landan, ya rubuta a jaridu cewa kalmar ta tsallaka teku ne a bakin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ya danganta ta da "waw kay" ta Wolof da "o ke" ta Mandinka. Frederic Cassidy ya mayar masa da martani a mujallar American Speech a 1981.

Sauran ra'ayoyin ba su buƙatar dogon tsayawa. Akwai "ola kala" ta Girkanci, da "och aye" ta mutanen Sikotilan, da "aux Cayes", sunan wata tashar jiragen ruwa a Haiti. Akwai labarin wani ma'aikacin reluwe da ake cewa yana sa harufan sunansa a kan kaya, da na kamfanin biskit ɗin sojoji a yaƙin basasar Amurka, da na sojojin da ke rubuta sifili da harafin K don nuna ba a kashe kowa ba. Kusan kowace al'umma da ta ji kalmar ta leƙa rumbunta ta samo mai kama da ita.

Aikin da ya sauya akalar muhawarar shi ne na Allen Walker Read, malamin Jami'ar Columbia, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 2002. A 1941 ya fara danganta kalmar da wata ƙungiyar siyasa ta 1840. Da shaidu suka ƙaru, sai ya gyara matsayinsa cikin jerin maƙalu shida a American Speech a 1963 da 1964, ya mayar da haihuwarta baya da shekara ɗaya. Allan Metcalf ya faɗaɗa wannan bayani a littafin da ya rubuta kan kalmar a 2010.

3.0 Hanyar Bincike

Bayanan da aka yi aiki da su an ɗauko su ne daga shaidun jaridun ƙarni na 19 da Read ya tattara, da muhawarar Dalby da Cassidy, da bayanin Metcalf. An auna kowane ra'ayi da ma'auni uku. Na farko shi ne shaidar rubutu mai kwanan wata: a ina aka fara ganin kalmar, kuma yaushe? Na biyu shi ne hanya: ta wane baki ko wane alƙalami ta bi daga inda ake cewa ta fito zuwa inda aka fara ganinta? Na uku shi ne dacewar siga da aiki: shin kalmar da ake kira uwa tana yin aikin da 'yar take yi a jimla?

Kamar sauti ita kaɗai ba ta shiga cikin ma'aunan ba, kuma manazarta Hausa sun san dalili. An shafe shekaru ana koyar da cewa "boko" ta fito daga "book" ta Ingilishi, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na gaske ba, kamar yadda take a "amaryar boko" da "biri-boko", kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya riga ya kawo ta da wannan ma'ana. Kama da wane ba ta wane. Idan kalma mai gaɓa biyu da wasula na gama-gari ce, samun mai kama da ita a wani harshe ba abin mamaki ba ne. Rashin samun ne zai zama abin mamaki.

4.0 Nazari

4.1 Yayin taƙaita kalmomi a Boston

A bazarar 1838 wata sara ta shiga tsakanin matasa masu ilimi da 'yan jaridar birnin Boston: taƙaita maganganu zuwa harufan goshi, a bar mai karatu ya warware. "O.F.M." na nufin "our first men", wato manyan gari, ana faɗa cikin shaguɓe. "S.P." na nufin "small potatoes", ƙananan dankali, wato abin da bai taka kara ya karya ba. "N.G." na nufin "no go", abin da ba zai yiwu ba. Daga Boston sarar ta bazu zuwa New York da New Orleans.

Ba a jima ba wasan ya hau mataki na biyu. Sai a fara ɓata rubutun kalmomin da gangan, sannan a taƙaita ɓataccen. "No go" ta koma "know go", aka sami "K.G." "No use" ta koma "know yuse", aka sami "K.Y." "All right" ta koma "oll wright", aka sami "O.W.", wadda ita ce yayar "OK" ta jini, ga ma'ana kusan ɗaya.

A cikin wannan yanayi ne, ranar Asabar 23 ga Maris 1839, jaridar Boston Morning Post, wadda Charles Gordon Greene ke wa edita, ta buga wani ɗan rubutu na zolaya a shafi na biyu. Batun shi ne tafiyar wata ƙungiyar 'yan raha da aka kafa a 1838 da sunan yaƙi da dokar birni kan kaɗa ƙararrawar cin abinci, kuma wanda ake tsokana shi ne editan wata jarida ta garin Providence. A tsakiyar jimla aka sa "o.k." da ƙananan harufa, aka bi ta nan take da fassararta, "all correct". Wannan fassarar tana da nauyi a matsayin shaida. Marubuci ba ya fassara kalmar da masu karatunsa suka sani. Da a ce kalmar ta daɗe a bakin jama'a, ko daga Choctaw ko daga Wolof, da ba a buƙaci warware ta ba, kuma da ba a rubuta ta da ɗige-ɗigen taƙaitawa ba.

4.2 Ina abin dariyar yake?

Ga mai karatun Hausa barkwancin yana iya shigewa ba tare da ya gan shi ba, kuma dalilin yana cikin ƙa'idojin rubutu. A Hausar boko ana rubuta kalma gwargwadon yadda ake furta ta. Duk wanda aka yi wa shiftar "all correct" da kunnen Hausa, "ol korek" zai rubuta, kuma bai yi laifi ba, domin harafin "c" a wurinsa na "ciki" ne da "cokali". Ingilishi ba haka yake ba. Rubutunsa ya daskare tun ƙarnoni da suka wuce yayin da furuci ya ci gaba da tafiya, har iya rubutu daidai ya zama alamar wanda ya yi makaranta. Rubuta "oll korrect", wadda "o.k." ke taƙaitawa, kwaikwayon jahili ne, kuma mai ilimi kaɗai ke iya yin kwaikwayon, domin sai ka san daidai kake iya kuskure da gangan. Armashin "o.k." shi ne tana shelar komai daidai alhali harufanta biyu duka kuskure ne. Wannan ya sa ta fi "O.W." kaifi: kalmar da ke nufin babu gyara ita ce ke buƙatar gyara daga farko har ƙarshe.

4.3 Zaɓen 1840

Sara ba ta daɗewa, kuma da an bar "o.k." ga 'yan jaridar Boston da ta bi "K.G." da "K.Y." kushewa. Abin da ya cece ta katari ne. Shugaba mai ci, Martin Van Buren na jam'iyyar Dimokurat, haifaffen garin Kinderhook ne a jihar New York, kuma ana masa laƙabi da "Old Kinderhook", wato Dattijon Kinderhook. Harufan goshin laƙabin suka zo daidai da kalmar da ake yayi. Ranar 23 ga Maris 1840, shekara ɗaya cif bayan rubutun Boston, wata jaridar New York ta buga sanarwar taron "O.K. Club", ƙungiyar magoya bayansa. 'Yan ƙungiyar sun fi kusa da 'yan banga fiye da masu muhawara, kuma kafin watan ya ƙare sun kutsa wani taron jam'iyyar Whig da ke adawa, harufan biyu suna bakinsu a matsayin take.

'Yan adawa ba su bar musu filin ba. A ƙarshen watan nan jaridar James Gordon Bennett ta New York ta ƙaga labarin cewa Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, shi ne ya fara rubuta harufan saboda bai iya rubutu ba. Ke nan ra'ayin da aka fara da shi a sashe na 2.0 farfagandar zaɓe ce, kuma an san jaridar da ta haife shi. Wasu kuma suka riƙa juya harufan zuwa "out of kash" da "out of kredit", wato ba kuɗi ba mai ba da bashi, suna yi wa gwamnati gori da durƙushewar tattalin arziki ta 1837. William Henry Harrison ya lashe zaɓen da ƙuri'un wakilai 234, Van Buren ya tsira da 60.

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne abin da watannin yaƙin neman zaɓen suka yi wa kalmar. Sun kai ta kowane lungu na ƙasar, sun kuma raba ta da fassararta guda ɗaya. A Maris 1839 "o.k." tana da ma'ana ɗaya da aka rubuta kusa da ita. A ƙarshen 1840 tana da fassarori barkatai, kowa da tasa, wanda a aikace daidai yake da ba ta da ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne harufa biyu da wani ƙamshin amincewa.

4.4 Auna ra'ayin Choctaw da na Afirka ta Yamma

Waɗannan biyu sun cancanci a auna su da natsuwa, domin ba tatsuniyar teburin mai shayi ba ne. Kalmar Choctaw ɗin tana nan, ɗan mishan Cyrus Byington ya kawo ta a ayyukansa kan harshen, kuma ma'anarta ba ta yi nisa ba. Matsalar tana wajen ma'auni na biyu da na uku. A Choctaw ɗafi ce da ke zuwa a ƙarshen jimla don jaddada magana, alhali "o.k." ta Boston sifa ce da ke bayyana halin abu. Gadar da aka gina mata kuwa Jackson ne, wanda ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da mayaƙan Choctaw, amma ba a samu kalmar a takardunsa ba. Sunan jihar Oklahoma daga Choctaw yake, kuma "OK" ce taƙaitawarta a gidan waya, sai dai wannan haɗuwar hanya ce kawai.

Ra'ayin Dalby yana da tushe mai kyau ta fuska ɗaya: an daɗe ana raina gudummawar harsunan Afirka ga Ingilishin Amurka. Lorenzo Dow Turner ya nuna yawanta a aikinsa na 1949 kan harshen Gullah, kuma kalmomi irin su "okra", kuɓewa, da "goober", gyaɗa, asalinsu Afirka ne ba tare da gardama ba. Amma gaskiyar ƙa'ida ba ta tabbatar da kowane misali. Cassidy, wanda haifaffen Jamaika ne kuma ɗaya daga cikin mawallafan ƙamusun Ingilishin tsibirin, ya nuna cewa tsofaffin misalan da aka kawo daga bakin bayi kalmomin motsin rai ne na mamaki, ba na amincewa ba. Babu kuma wata hanya da aka nuna daga gonakin Kudu zuwa teburin editan Boston. Son a ce kalmar da duniya ta fi sani 'yar Afirka ce abu ne da ake iya fahimta, amma ma'aunin da ya kore "book" daga asalin "boko" shi ne ya kore "waw kay" daga asalin "OK". Ba a sassauta shi don sakamakon ya yi daɗi.

4.5 Sauyin ma'ana

Shekara uku da rabi bayan zaɓen, a Mayun 1844, Samuel Morse ya aika saƙon tangaraho daga Washington zuwa Baltimore. Masu aikin waya suna buƙatar gajeriyar alama ta cewa saƙo ya iso lafiya, kuma "OK" ta zo musu a kan gaɓa. Daga nan ta shiga reluwe da ofisoshin ciniki, inda akawu ke sa ta a kan rasit ko lissafi. A wannan mataki ba sauran dariya a cikinta. Ta zama hatimi. Marubutan adabi sun daɗe suna ƙyamarta a matsayin maganar kasuwa, amma ofis bai damu da wannan ba.

Sigarta ta taimaka. Gaɓoɓi biyu ne bayyanannu, da wasulan "o" da "e" da baƙin "k", sautukan da mafi yawan harsuna ke da su ko da makusantansu. A rubuce kuma zagayayyen harafi ne kusa da mai tsini, ana gane su daga nesa ko da hannun marubucin ba shi da kyau. Rubuta ta da cikakkun harufa, "okay", ya ƙara ɓoye cewa taƙaitawa ce.

Ta fuskar ginin jimla, kalmar ta bazu zuwa kusan kowane aji. Tana zuwa sifa, tana zuwa bayanau, tana zuwa suna idan ana nufin amincewar da shugaba ya bayar, tana zuwa aikatau har ta ɗauki ɗafin shuɗaɗɗen lokaci, tana kuma zuwa alamar zance da ke buɗe magana ko rufe ta. Amma ta fuskar ma'ana, sanyi ta yi. "All correct" cikakken yabo ne. Yau idan Ba'amurke ya ce abinci "was OK", nufinsa ba yabo ba fallasa, kuma mai girkin ba zai ji daɗi ba. Kalmar tana cewa abu ya tsallake, ba ta cewa ya burge. Wannan tsaka-tsakin ne amfaninta, domin tana ba mutum damar amincewa ba tare da ya bayyana ra'ayi ba. Shi ya sa duk lokacin da masu harshen suka so mayar mata da zafi ko wasa sai sun yi mata ƙari: "okey-dokey" ta bayyana a shekarun 1930, "A-OK" kuma ta shahara a 1961 ta bakin kakakin hukumar NASA lokacin tafiyar Alan Shepard sararin samaniya. Kalmar da aka haifa don raha sai da aka yi mata ado kafin ta sake ba da dariya.

Injuna sun gaje ta daga akawu. Ita ce a maɓallin amincewa na kwamfuta da waya, kuma a ƙa'idar sadarwar intanet lambar 200, wadda ke nuna an biya buƙatar mai neman shafi, "OK" ce a rubuce kusa da ita. Aikin da mai tangaraho ya ba ta shi take yi har yanzu.

4.6 "Oke" a bakin Bahaushe

Hausa ta karɓi kalmar a matakinta na ƙarshe, bayan an wanke ta daga barkwanci da siyasa. Ana furta ta "oke", kuma ta tarar da gurbin cike: ga "to", ga "shi ke nan", ga "ba laifi", ga "ya yi". Don haka ba ta samu faɗin da take da shi a Ingilishi ba. Ba ta ɗaukar jam'i, ba ta zama aikatau da kanta. Idan ana son ta yi aikin sifa sai an jingina ta da "yi", kamar yadda matasa ke cewa abu "ya yi oke", bisa tsarin "ya yi daidai". Inda ta fi ƙarfi shi ne saƙon waya, inda harufa biyu ke rufe zance.

Iyakarta ta zamantakewa ita ce ta fi jan hankali. "To" tana da karin murya iri-iri: akwai ta ladabi, akwai ta gargaɗi, akwai doguwar "too" ta wanda aka ba labari mai ban mamaki. "Oke" ba ta da wannan. A shimfiɗe take, kuma tsakanin tsara take yawo. Abokai biyu suna iya ƙare ciniki da ita, ɗalibi yana iya tura ta ga ɗan ajinsu. Amma idan uba ya aiki ɗansa kasuwa, amsar da ake jira ita ce "To, Baba", kuma yaron da ya ce "oke" zai ga an ɗago kai an dube shi.